Hatimin Ushio

Shekara arba'in da uku Ushio Kanji ya yi a tsaye gaban dutsen washi, a ƙaramar maƙerar Tatsumi da ke bakin kogi a nan Ichikawa. Ni Sumie, talatin daga cikin shekarun nan ina zaune a bayansa, a teburin fenti, ina cika lambobin da aka buga a jikin sandunan golf. Saboda haka na fi sanin ƙeyarsa da fuskarsa.

Kan sanda yakan zo daga wurin bugun ƙarfe baƙi ƙirin, da tsini ta ko'ina, ba kyan gani. Ushio ne yake ɗora shi a dutse, ya gurza, ya juya, ya sake gurzawa, har ya fito sumul. Bambancin nauyi tsakanin kowace sanda da mai bi mata giram bakwai ne, shi kuwa kafin ya ɗora a sikeli hannunsa ya riga ya gaya masa. Ƙarar injin da ke juya dutsen ta cinye masa kunnen hagu. Bai taɓa buga golf ba a rayuwarsa, ya ce wasan masu hutu ne. Duk sandar da ta fita daga hannunsa sunan Tatsumi ake buga mata, mai maƙerar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin yana ci mini rai, shi kuwa ko a jikinsa, ko kuma haka yake nunawa.

In mai saye ya zo awo, Ushio ba ya tambayar tsayinsa. Sai ya ce ya kawo tsohuwar sandarsa, ya juya ƙasanta ya ga inda ta siɗe. Sannan ya liƙa takarda a ƙasan wata, ya sa mutum ya yi bugu a kan katako, ya duba inda takardar ta karce. Daga nan ya san ko zai lanƙwasa wuyan sandar sama ko ƙasa.

"Yallaɓai, kai ƙwallo kake bugu ko noma kake yi?" ya taɓa ce wa wani mai banki. "Wannan sandar taka ai garma ce."

Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sayi saiti biyu.

Tsoho Tatsumi ba mugun mutum ba ne, sai dai ya makara. Sai da ciwo ya kwantar da shi a asibiti ya tuna akwai hannun da ya ɗauke shi shekara da shekaru. Ranar da muka je duba shi, ya ciro wani ɗan ƙarfe daga ƙarƙashin matashi ya miƙa wa Ushio. Hatimi ne da ya sa aka sassaƙa, harafin sunan Ushio, bai fi ƙwayar shinkafa ba.

"Saitinka na ƙarshe, ka buga wannan a wuya, kusa da nawa," in ji tsohon. Ya dubi ɗansa Masaharu. "Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

Tsohon ya rasu a kakar nan. Ushio ya naɗe hatimin a ƙyalle ya jefa a aljihun rigar aiki, shekara huɗu yana yawo da shi. Ni kaɗai na san yakan taɓa aljihun kafin ya kunna inji.

Saitin ƙarshe ya faɗo kan wani likitan haƙori daga Osaka, Likita Nagahama, gajere mai dogayen hannuwa, wanda duk sandar kanti take kai masa ƙwallo hagu. Ushio ya yi masa awo sau biyu, ya kwantar da wuyan sandunan, ya yi mako uku a kan ƙarfe takwas. Ranar buga hatimi ya sa sabuwar riga. Guduma ɗaya ga kowace sanda, babu maimaici. Da suka dawo daga wurin masu rufin farin ƙarfe na cika harafin da jan fenti.

Ushio ya je gida ya ɗauko matarsa Tomiko, wadda ba ta taɓa taka maƙerar ba. Ta sa gilashinta, ta kai hanci kusa da sandar.

"Wannan ɗan ɗigon? A kan wannan ka hana ni barci?"

"Ke dai duba da kyau."

"Na gani, Maigida. Ya yi kyau." Ta juya baya tana neman hankici a jaka.

Muka yi masa walimar sallama da kifi da giyar shinkafa, ya koma gida noman albasa.

Kwana goma sha biyu sai ga akwatin sandunan likita ya dawo. Likita ya bugo waya, ina zaune ina jin komai. Ya ce sandunan ba su da aibi, tunda yake bai taɓa bugu haka ba. Amma abokansa a fili sun ga jan harafin, sun ce anya na Tatsumi ne na asali? Wani ma ya ce ƙila na ɗan koyo ne aka sayar masa. Yana so a cire. Masaharu, wanda ya gaji maƙerar, yana ta sunkuyawa da waya a kunne, kamar likitan yana ganinsa.

"Shugaba, ba za ka gaya masa ko wane ne Ushio ba?" na ce da ya ajiye.

"Sumie-san, mai saye ba a ja da shi."

"To da mahaifinka ake ja? Ina tsaye ka ce ka ji."

"Na ji, kuma an buga. Baba bai ce a bar shi har abada ba."

Wallahi da ba don furfurata ba da na watsa masa gwangwanin fenti. Na ce shekara arba'in da uku mutum yana shaƙar garin ƙarfe don ka yi karatu a Tokyo, yau ka kasa buɗe baki ka faɗi kalma biyu a kansa. Ya ce in rage murya. Ya ce zai ba Morioka, wanda ya gaji dutsen Ushio, ya goge a ɓoye, kada Ushio ya ji.

A garin nan ba a ɓoye komai. Morioka ya gaya wa matarsa, matarsa ta gaya wa Tomiko a kantin kifi. Washegari da safe, kafin mu kunna fitilu, sai ga Ushio a kan kekensa, da tsohuwar rigar aiki.

Na yi zaton faɗa ya kawo shi, har na ji daɗi. Masaharu ya fito yana in-ina. Ushio bai ko dube shi ba, ya nufi akwatin.

"Morioka, hannunka da nauyi. In ka taɓa wuyan nan za ka ci giram uku, ƙwallon likita ta koma hagu. Matsa."

"Ushio-san, kada ka yi," na ce. "A mayar masa da kuɗinsa, mu rataye su a bango."

"Ba don bango na yi su ba. Awon mutumin ne a jikinsu, ba za su yi wa kowa ba sai shi." Ya miƙo mini ta farko. "Wanke fentin, zai toshe mini dutse."

Na wanke. Ni da na cika shi da hannuna, ni na bi shi da tsumma a sanduna takwas, ina kuka ina zagin likitan, da abokansa, da Masaharu, da tsohon da ke cikin kabari. Ushio ya kunna inji. Kowace sanda taɓi biyu ko uku, a hankali, ya ɗaga ta ga hasken taga, ya shafa da babban yatsa, ya ajiye. Bai kai rabin awa ba. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ni dai na ga wanda ya dafa, ban ga ya sha ba.

Ya ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta nauyin a takarda don masu rufi. A ta bakwai ya tsaya, ya sauke, ya sake ɗorawa. Sannan ya juya ga Masaharu, ya cire hularsa, ya sunkuya.

"Shugaba, ta bakwai ta ragu da rabin giram, hannuna ne ya zarce. Ka ba likita haƙuri a madadina."