Sha Biyar da Ta Koma Goma

Motar da nake da ita a Kafanchan tsohuwa ce tun ranar da na saye ta, don ni ne hannu na uku a kanta. A lokacin ba a daɗe da komawa tuƙin hannun dama ba, sitiyarinta kuwa yana nan inda aka ƙera shi, sai na yi ta leƙe kafin in wuce babbar mota. Ɗinki nake yi a bakin kasuwa, ranar kasuwar Zangon Kataf kuma in loda riguna in tafi. Ba ta da gudu, amma da ikon Allah ba ta taɓa yashe ni a daji ba.

Maƙwabcina, wanda katanga ɗaya ce tsakaninmu, Kirista ne daga wani ƙauye bayan Godogodo, yana aiki a tashar jirgin ƙasa. Ya kawo mahaifiyarsa gari neman magani, ta yi watanni a gidansa. Mu duka Mama muke ce mata. Ranar da aka sallame ta daga asibiti, aka ce a riƙa ba ta duk abin da ranta yake so, ba wanda ya yi mata bayani, amma ta gane. Sai ta aika a kira ni.

Na same ta kwance a tabarma a inuwar mangwaro, ta rame har zoben hannunta yana zamewa. Hausarta irin ta tsofaffin ƙasar nan ce, mota da mace da tunkiya duk "shi" ne a bakinta.

Ta ce, "Malam, motar naka, shi yana tafiya, ko shi ma ya kwanta kamar ni?"

Na ce, "Tana tafiya, Mama. Sai dai tari da safe."

"To mu biyu ne masu tari, ku kai ni gida. Ba na so Ubangiji ya zo nemana ya same ni a gidan haya. Ina so in ga an shuka citta na."

Na dubi ɗanta, ya sunkuyar da kai. Na ce mata in Allah ya yarda za mu kai ta.

Da na fito na buɗe bayan mota na jawo safaya, wato tayar ajiya. Tun da na sayi motar take kwance a wurin, ban taɓa kallonta da kyau ba. Gefenta duk ya tsattsage kamar dunduniyar manomi, wani wurin har zare ya fito. Hanyar ƙauyensu kuwa, da zarar an bar babban titi, duwatsu ne masu kaifi da gangaren rafi. Ni kaɗai da riguna, sai in yi bisimilla in tafi. Amma da marar lafiya a baya, in taya ta fashe a tsakiyar rana ba abin canji, ban san abin da zan faɗa wa Allah ba.

Na gangara da ita wurin mai faci na kusa da tasha. Ya juya ta, ya danna da babban yatsa, ya girgiza kai.

"Malam, wannan ai sai dai a yi mata salla. Faci a kan me zan ɗora shi?"

Ya duba tarin da yake da shi, babu irin tata. Ya ce sai Jos, kuma in an je a ce lamba sha biyar, in aka faɗi haka sun sani.

Maƙwabcin nawa ya ce shi zai bi jirgin safe ya sayo. Da yake zan fita masallaci kafin ya tashi, sai na yagi takarda na rubuta masa lambar, na ba matata ta miƙa wa matarsa. Har na yaba wa kaina wayo. Na san ba ya karanta ajami, saboda haka ban rubuta kalma ko ɗaya ba, lambar kaɗai na zana da girma. Abin da ban lura ba shi ne hannuna ya bi abin da ya saba. Ni da ajami nake rubuta awon riguna tun ina koyon ɗinki. Ɗaya a wurinmu sanda ce a tsaye, kamar ta boko. Biyar kuwa ɗan zagaye ne, sak sifilin 'yan boko.

Washegari bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida sai ga shi tafe daga tasha, gumi ya jiƙa masa riga, ya rataya wata 'yar taya a kafaɗa, sabuwa fil, baƙa, tana ƙamshin roba. Ko gwiwata ba ta kai ba. Ya ajiye ta a gabana a hankali kamar jaririya.

Na ce, "Maƙwabci, wannan fa? Ina uwarta?"

Ya zaro takardar daga aljihu ya miƙo mini. "Goma ka rubuta, Malam. Goma na sayo."

Na duba. A idona sha biyar ce zaune daram. Na juya takardar na kalle ta da irin idonsa, sai ga goma. Na ce inna lillahi, na yi masa bayani. Ya karɓa ya daɗe yana kallo.

"Yanzu wannan ƙwan kazar shi ne biyar?"

"Shi ne."

"To sifilinku fa?"

"Ɗigo ne."

"Kai, Malam! Ashe kun fi mu tattalin tawada."

Muka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, don muna jin tarin Mama ta bayan katanga. Na ce masa, "Amma kai da kake ganin motar nan kullum, ba ka ga ta yi ƙanƙanta ba?"

Ya ce, "Na gani. Har na faɗa wa mai shagon, ya ce in an busa iska za ta buɗe. Ban yarda da shi ba. Sai na sake duba takardar, na ce a raina, Malam ba ya kuskure a rubutu. Idona ne bai san mota ba."

Wannan maganar ta fi mini ciwo a kan da zagina ya yi. Na ce ni zan koma Jos, tunda laifina ne. Ya ce a'a, shi ya san shagon, kuma in jikin Mama ya tashi gara a ce mai mota yana kusa. Da safe ya sake ratayar ƙaramar a kafaɗa, ya ɗaga tsohuwar tayar ya kafa ta a ƙasa, ya fara gara ta da hannu zuwa tasha. Na ce ko in rubuta masa da boko wannan karon. Bai ko waiwayo ba.

"Bar alƙalaminka ya huta. Ga takardata nan tana tafiya da ƙafarta."

Kwana ɗayan da kuskurena ya ci ba nawa ba ne, na Mama ne, kuma kwanakinta ba su da yawa. Ranar ban buɗe shago ba. Matata ta dama mata kunun acca, ta sha cokali uku ta ture. Matan majami'arsu suka zo suka yi mata waƙa da addu'a, ni ina zaure ina jan carbi, duk abu ɗaya muke roƙo. Da azahar numfashinta ya yi sama, surukarta ta fito da gudu. Na shiga na durƙusa, na gaya mata gaskiya cewa ni na jawo jinkirin nan, ta yafe mini.

Ta buɗe ido da ƙyar. "Malam, kai ka yi karatu har ka ɓata lissafi? Ni ban yi ba, amma akuyana bai taɓa ɓacewa ba." Ta kama hannuna da yatsunta masu sanyi. "Kada ka damu. Na gaya wa Yesu ya jira. Na ce mota bai shirya ba."

Da yamma ɗanta ya dawo da taya daidai. Mai faci ya ɗora ta a ƙarfen tsohuwar tayar, ya busa, ya tofa yawu a bakin bawul ya ga ba kumfa, ya ce mu tafi lafiya. Washegari muka shimfiɗa katifa a kujerar baya, surukarta ta ɗora kanta a cinya. Muka tashi da hantsi. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, iska tana ƙamshin ruwan da ya sauka a wani wuri. Na tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike. Kowane rami sai na tsaya na zaɓi gefen da zan bi. Bayan Godogodo muka sauka daga titi, duwatsu suka fara ƙara a ƙarƙashinmu, ɗanta yana fita yana kawar da manyan da hannu. Duk lokacin da bayan mota ya yi shiru sai in kasa kunne, ba na sakin numfashina sai na ji nata.

Da muka hau tudun ƙarshe ta ce a ɗaga ta. Ta leƙa ta taga, ta fara kiran gonaki da sunayen masu su a yarensu, ɗaya bayan ɗaya. Kafin in kashe mota mata sun fito da guɗa. Aka ɗauko ta za a shigar da ita ɗaki, ta ce a'a, a zaunar da ita a ƙofa. Ta dafa ƙasa da tafin hannu, ta daɗe a haka. Sannan ta ɗaga kai ta dubi rumbunta, muryarta ta fito da ƙarfin da ban ji ba tun zuwanta Kafanchan.

"Wane ne ya yi wannan jinka? Ruwa yana zuwa, ku kuna tsaye kuna kallona!"

Maza biyu suka ruga neman ciyawa. Ɗanta ya juya baya yana share ido da hularsa ta aiki, yana dariya. Ni kuwa na roƙi ruwa a ƙwarya, na koma gindin ɗorawa na yi alwala.