Ranar da Aka Kashe wa Mama Murya

A firamaren da na fara koyarwa a Zuru, aji ɗaya na Mama ne. Haka kowa ke kiranta, har hedimasta. Dattijuwa ce, matar tsohon soja, kuma iyayen yaran da yawa ta hannunta suka bi. Tana da kirki, amma ba ta haɗiye raini komai ƙanƙantarsa.

Sai aka zo mana da horo ta waya, aka ce duk malamin da bai kammala ba za a karɓe ajinsa. Ni ko a jikina, dama ina da rawar kai, latse-latse ba ya ba ni tsoro. Mama kuwa ta yi ta gunaguni, wai ina aka taɓa koyon aiki wurin wanda ba ka san gidansu ba. Da ƙyar na lallashe ta, don na san ajin nan shi ne rayuwarta tun rasuwar mijinta.

Ranar farko muka taru a ofis, inda sabis ya fi kamawa, kowa da wayarsa. Mai horarwar, wata budurwa daga can birni, ta jefo wa Mama tambaya. Mama ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta fara yadda ta saba: ina kwana, ina gajiya, yaya mutanen gida, yaya ruwa a wajenku. Mu da ke ɗakin muna jin ta, amma a wayoyinmu bakinta kawai ke motsi. Ashe budurwar ta kashe mata murya daga can, ta wuce ga wani. Mama ba ta sani ba, tana ta gaisuwa, fuskokin da ke kan allo suna ta dariya.

Da ta gane, na ce mata maɓalli ne kawai, kowa ma ana yi masa.

"Ina tsakiyar gaisuwa?" ta ce. "Ko a bariki ba a taɓa rufe mini baki ba."

Ta jefa wayar cikin jaka. Hedimasta ya roƙe ta, fastonsu ma ya sa baki, ta ce ita da horon nan har abada. Na ji haushin budurwar, na ji haushin taurin kan Mama, har yau ban san wanda ya fi ci mini rai ba.

Ba a kore ta ba. Da aka dawo hutu aka ba ni aji ɗaya, ajin nata, ita kuma aka ajiye mata benci a gindin mangwaro, wai ta riƙa tare masu latti. Bencin yana daf da tagar ajin.

Wata safiya ina karanta wa yara baƙaƙe suna amsawa, sai ga ta a bakin taga. Na zaci gyara za ta yi mini. Ba ta ko dubi yaran ba.

"Ɗiyata, ki rufe tagar nan," ta ce. "Ina jin muryoyinsu."