Tunkiyar Aro Daga Ka'akiyya

Wautata ce ta jawo duk abin da zan ba ku labari, gara in faɗa da bakina kafin matata Hajiya Rabi ta riga ni. Shekara arba'in da 'yan kai ina kiwon tumaki a bayan Ka'akiyya, a gefen Makka. Da lokacin komawa gida ya yi, sai na sayar wa maƙwabcina Alhaji Musa garken kaf, ban bar ko ɗan rago ba. Na manta cewa karnukana biyu, Duna da Kwalli, ba ni suke bi ba. Tumaki suke bi.

Kowa ya ce in bar su. Ni kuwa na san karen da ba shi da mai shi a can, yunwa da zafin rana ke gamawa da shi, kuma Alhaji Musa yana da nasa. Ɗana Abdurrahman, wanda aka haifa a unguwar Tandabawi ta Makka, Hausarsa rabi Larabci rabi, shi ya yi ɗawainiyar takardu. Ya kawo likitan dabbobi ya yi musu allurai, ya cusa musu wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata. Ni da karatuna ya tsaya a izu biyu, ga karnukana da takardu sun fi nawa kauri. Sharaɗi ɗaya ne: su isa wurin karɓar kaya a filin jirgin Jidda kafin la'asar. In ba su isa ba, ni da Hajiya za mu tashi, don an riga an buga mana fita ta dindindin, su kuma su zauna.

Makka

Kafin asuba muka tafi Harami ni da Hajiya, muka yi ɗawafin bankwana. Na yi kuka har gemuna ya jiƙe, na ce da Ka'aba sai wata rana. Ku da kuka je aikin hajji kun sani, in ka yi wannan ɗawafin ba ka sake zama, sai hanya.

Direbobi uku sun ƙi ni tun kafin ranar, kowa ya ce ba zai ɗauki kare ya koma wanke motarsa da ƙasa saboda tsufana ba. Adamu ne ya yarda, mutumin Cadi mai motar ɗaukar tumaki. Hantsi bai yi ba muka isa garke. Na buɗe bayan mota, na kira Duna. Ya dube ni, ya dubi motar da babu kowa a ciki, ya koma ya kwanta a bakin shingen Alhaji Musa. Kwalli ta bi shi. Na jefa nama, suka cinye wanda ya faɗi ƙasa, suka bar na cikin mota. Na sa igiya na ja, Duna ya kafe, ni na zauna daɓas a kan kashin tumaki da farar jallabiyata ta bankwana.

Abdurrahman ya ce, "Halas, Abuya, ka bar su. Jirgi ba ya jiran kalb."

Wato shi ke nan, Baba, jirgi ba ya jiran kare. Rana ta take, muka shiga inuwa, aka sayo ful da tamis, wake da gurasar can, muka ci, na ɗan kishingiɗa don baƙin ciki har barci ya ɗauke ni. Da na farka Hajiya ta tuna mini cewa wanda ya yi bankwana ba ya shimfiɗa tabarma ya yi minshari. Sai na yi wanka na sake kaya, muka koma Harami na sake ɗawafi. Wannan karon ban yi kuka ba, kunya ta hana.

A zagaye na biyar dabara ta faɗo mini, Allah ya yafe mini tunanin kare a wannan wuri. Tunda aka haifi Duna bai taɓa hawa mota ba sai tumaki sun riga shi. Da muka dawo na roƙi Alhaji Musa aron tsohuwar tunkiyar nan mai karyayyen ƙaho, wadda ke jan garke. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce in dai za ta dawo da Adamu, ba komai. Aka tura ta ta hau. Kafin in juya, Duna da Kwalli suna ciki, sun sa ta tsakiya.

Hanyar Jidda

Bayan azahar muka kama hanya. Hajiya da Abdurrahman suna gaba a tasi, ni ina gefen Adamu, ina leƙen baya ta 'yar taga. Zafi kamar bakin tanda. Muka tsaya a wani gidan mai na zuba musu ruwa a kwano, na jiƙa buhu na shimfiɗa musu.

A shingen bincike wani matashin ɗan sanda ya leƙa bayan mota, ya daɗe yana kallo. Ya tambayi Adamu ko tunkiyar nan ta zinariya ce da take da masu gadi biyu. Na miƙa masa takardu, ya duba, ya ce, "Ya ammi," wato baffa, "tafi, Allah ya sauƙaƙa." Har muka yi nisa ina hango shi yana ba abokinsa labari.

Filin jirgi

Mun isa ana shirin kiran la'asar. Kejin nan biyu da Abdurrahman ya saya suna jiran mu, sai dai tunkiya ba ta da biza. Ma'aikacin wurin, mutumin kirki, ya ce saura kaɗan ya rufe. Kwalli ta shiga da lallashi. Duna ya manne da tunkiya ya ƙi motsi, yana kallona kamar ya san abin da nake shiryawa.

Na ari wuƙar Adamu, na aske gashi cike da tafi biyu daga wuyan tunkiyar, na kwance igiyarta, na zuba duka a cikin kejin. Duna ya sa hanci, ya sa ƙafa, ya shige ya kwanta a kai. Na rufe ƙofar da hannuna. Ban iya duban idonsa ba. Adamu ya juya da tunkiya mai sanƙo a wuya, ya ce shi zai yi wa Alhaji Musa bayani, ni in ji da jirgi.

Abdurrahman, da yake shi a can zai zauna, ya rungume ni a bakin ƙofar shiga, ya ce da Hausa tsantsa, ba Larabci ko ɗaya, "Baba, ka gaida gida." Wannan ya fi ɗawafin safe sa ni hawaye.

Kano zuwa gida

Da hantsi muka sauka Kano. Na tsaya a wurin karɓar kaya har aka turo kejin. Kwalli ce ta fara haushi. Duna shiru, na durƙusa na leƙa. Yana nan kwance, ya tattara gashin a ƙarƙashin haɓarsa, yana kaɗa wutsiya. Na zauna a ƙasa na yi ta hamdala, mutane na ratse ni.

Ƙanena Sale ya zo da a-kori-kura, muka bi hanyar Gumel, muka tsaya a Gezawa muka ci ƙosai mai zafi. Yana da awaki bakwai a gida. Kafin in gama gaisawa da dangi, Duna ya zagaye su ya kwanta a bakin turke. Godiya ga Allah da ya kawo mu lafiya, sannan ga Adamu, da Alhaji Musa, da tunkiyar da ban tambayi izininta ba.

Washegari Hajiya za ta wanke jallabiyata, ta lalubo makullin ƙofar garken Ka'akiyya a aljihu, wanda ya kamata in miƙa wa Alhaji Musa. Ta ɗaga shi ta ce, "Malam, Duna da gashin tunkiya, kai da wannan. Shi dai na san wanda ya sa masa nasa. Kai wa ya sa maka?"