Koriyar Lemar Inna

Shekarar da Inna ta tafi aikin Hajji ni ne gwanin gidanmu, ko dai haka nake ganin kaina. Na haɗa wata kwamfuta da dish ɗin da ke kan rufi da talabijin ɗin falo, yadda za ta naɗi duk shirin da na saita mata ko babu kowa a gida. Hoton kuwa tar, har gashin gemun mai karanta labarai kana gani. Babu wanda ban cika wa baki ba a unguwarmu a Funtuwa.

Baba ne ya kawo shawarar. Tun da aka yi aurensu bai taɓa yin sati biyu bai ga Inna ba, kuma abin ya fara nunawa a cin abincinsa. Ya sa ta yi alkawari a waya cewa ran Talata bayan la'asar za ta tsaya a harabar masallaci, inda kyamarar tashar Makka ta saba haskawa, riƙe da koriyar lema.

Talatar ta zo mana da ruwan asuba, ƙasa ta jiƙe, dole a zuba wa masara taki a gonarmu ta hanyar Maska. Na saita naɗin daga ƙarfe huɗu zuwa biyar, na ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa agogon Makka ya riga namu da awa biyu.

Da muka dawo na kunna. Ina ganin yadda rana ta yi sanyi a hoton, inuwar mutane ta yi tsawo, na gane lokacin tsayuwar Inna ya riga ya wuce. Baba ya jawo kujera har gwiwarsa na taɓa teburin talabijin, ko takin da ke hannunsa bai wanke ba.

"Ka gan ta?" ya tambaye ni.

Kalma uku ta ishe ni: na yi kuskure. Na kasa faɗa. Na yi ta kai hoton gaba da baya har na samu wata mata sanye da atamfar alhazan jiharmu, ta ba da baya, da lema mai kama da kore. Na tsayar da hoton, na ƙara girmansa.

"Ga ta nan, Baba."

Ya daɗe yana kallo. "Ita ce," in ji shi. "Dubi tsayuwarta."

Daga ranar falonmu bai huta ba. Duk wanda ya zo, sai Baba ya ce in kunna masa Hajiya. Ƙannensa suka zo daga Malumfashi takanas. Ni kuwa ina danna maɓalli, kunya na cina, ana sa mini albarka.

Ranar da Inna ta dawo, ana cikin rabon dabino da zamzam, Baba ya ce a nuna mata kanta. Ta dubi matar, ta dube ni, ta sake duban matar.

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe haka nake ta baya."

Aka yi dariya, Baba ya fi kowa.

Bayan kwana biyu na shiga gaishe ta, na tarar tana shafa man zafi a ƙafa. Ta ciro lemar daga jaka ta miƙo mini. Koriya ce shar, da farin baki kewaye, ba ta yi kama da ta cikin hoton ba ko kusa.

"Ajiye ta a ɗakinka, kada babanku ya gani," ta ce.

Na fara kame-kame, ta ɗaga mini hannu.

"Ba faɗa zan yi maka ba. Awa ɗaya da rabi na yi a tsaye cikin ranar nan, ina ɗaga ta sama, ina sauya hannu. Na ce ko kyamarar ba ta zo kaina ba tukuna."

Lemar tana bayan akwatina har yau. Baba kuma, in ya yi baƙo, yakan kira ni in kunna masa Hajiya.