Ranar da Matattuna Suka Yi Anko

Yayana ne ya kawo wasan gidanmu na Malali, bayan wani kwas da ofishinsu ya tura shi ƙasar waje. Muna jiran turare da agogo, sai ga shi da kwali cike da 'yan sojojin roba, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ana jera su a kan tebur, a auna tafiyarsu da tef, a jefa ƙwayar ludo a ga wanda ya sari wani. Innarmu ta leƙa kwalin ta ce, "Da gemunku za ku koma wasan 'yartsana? Allah ya shirye ku."

Yaya ya zaɓi rundunar maharba, masu kwari da baka, ya turo mini abin da ya rage, wato matattu. Ƙwarangwal ne zalla riƙe da masu, da wani ƙaton dodon ƙashi mai fukafukai, da boka guda wanda ke tayar da su. Na yi fushi da farko, amma kafin mako ya zagayo na kamu da son su. Ragwaye ne, ba su da sauri, sara ɗaya ke watsa su, sai dai ba su san tsoro ba, kuma in dai bokan na kusa, wanda ya faɗi zai sake miƙewa. Ranar da bokan ya mutu kuwa, rundunar duka ta rushe.

Kowane ɓangare ana ba shi maki daidai da na ɗan'uwansa ya haɗa runduna. Ni kullum rabin makina a kan dodo yake ƙarewa, don ina son abu mai cika ido. Kuma da yake ni tela ne, na ɗinka wa bokana babbar riga da ƙyallen jar shadda, har da aiki a wuya, na tsayar da shi shi kaɗai a gaban runduna. A ganina babban mutum ba ya cakuɗuwa da jama'a, gaba yake tsayawa a gan shi. Yaya kuwa yana ganinsa sarai. Duk Lahadi bayan la'asar sai ya ce, "Alhaji boka, barka da fitowa," ya sakar masa kibau, in kwashe ƙasusuwana ina huci.

Haka muka yi ta yi har aka yi wa Yaya canjin wurin aiki zuwa Fatakwal. Lahadi ɗaya ta rage mana, ni kuma ban taɓa cinsa ba ko da kuskure. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Ba na son ya tafi da labarin ƙanen da bai taɓa kayar da shi ba, don na san har jikokinsa sai sun ji.

Ranar Asabar muka je biki Katabu. Da lokacin tafiya ya yi na shiga neman matata, ga mata cike da fili, duk sun yi ankon atamfa kore mai zanen ganye. Na yi wa wata magana ta baya, ta juyo, ashe gwaggon ango ce. Matar da nake kwana nake tashi da ita, ga ta a gabana tana yi mini dariya, amma ta ɓace mini cikin jama'a. Ni ma na fashe da dariya, har ta tambaye ni ko lafiya.

Mafi yawan ankon nan ni na ɗinka, ƙyallayensa na nan zube a shago. Da safe na zauna na yanka wa kowane ƙwarangwal ɗan mayafi kore. Na tuɓe wa boka jar rigarsa, raina na sosuwa, na yafa masa irin na kowa. Dodo na mayar da shi kwali, makinsa na zuba a kan ƙarin ƙwarangwal, har suka zama gungu biyu masu kauri. Dokar wasan ta yarda boka ya shiga cikin gungu, kuma in ya shiga, kibau sai sun gama da na kewaye da shi kafin su same shi. Na daɗe da sanin haka, girman kai ne ya hana ni.

Yaya ya dubi tebur ya riƙe baki. "Kai, wa ke aure?"

"Naka ne, Yaya. Walimar sallama."

"Ina Alhajin?"

Na nuna masa, don ba a ɓoye wa abokin wasa. "Ga shi nan a tsakiya, yau ya zama talaka."

Ya yi ta harbi. Sahun gaba ya zube, na jefa ƙwaya, boka ya tashe su. Ya sake harbi, suka sake miƙewa. Muna tafe a hankali, tef bayan tef, Yaya ya daina tsokana ya fara sosa ƙeya. Sau ɗaya ƙwayar ta ci amanata, gungun hagu ya kusa ƙarewa, amma na dama ya riga ya isa. Maharba kuwa in an zo musu kusa ba su da wani kataɓus. Na ɗaga na ƙarshensu daga tebur.

Na yi ihu har kajin maƙwabta suka watse. Yaya ya yi dariya har da hawaye, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ci ni, tela. Wallahi ka ci ni da gaskiya."

Na zaro waya in ba wani labari, sai na tsaya da ita a hannu. Duk faɗin Kaduna mutum ɗaya ne zai gane abin da na yi, shi ne kuma wanda na kayar, ga jakunkunansa a ɗaure a bakin ƙofa. Na mayar da wayar aljihu.

Ya dube ni, ya dubi jakunkunan, sannan ya jawo kujerarsa.

"Sake jera su," ya ce. "Motar ai sai da safe."