Ranar da Mahaifiyata Ta Kira Sunana

Shekarun baya, wata Talata, likita ya ajiye takardar gwajina a kan tebur ya ce abin da aka gani a mamana na hagu cutar kansa ce, za a yi aiki. Kun san me na tambaye shi? Wai ko zan iya komawa ofis, don muna da mitin ƙarfe biyu. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ban je mitin ɗin ba. Gosulo ya riƙe ni a hanyar Karu, ina zaune hannuna a kan sitiyari, ko hawaye babu. Maigidana ya yi iya ƙoƙarinsa da na faɗa masa, amma gaskiya ba shi nake so ba a lokacin. Uwata nake so, ni da ke da 'ya'ya uku.

To amma ni 'yar fari ce. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta sakewa da shi, saboda kunya. Tun tasowata "waccan" nake a bakinta. Saƙo ma ta hannun ƙanwata yake bi. Don haka ƙanwar tawa na sa ta faɗa mata.

Washegari sai ga su daga Zariya. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Can ta juya ga ƙanwata ta ce, "Waccan ta ci abinci kuwa?"

Ina zaune a gabanta fa.

Kwana uku muna haka. Tana dama mini kunu, tana jan carbi, ba ta ce mini komai ba. Wallahi na ji haushinta. Na ce a raina, ashe ko mutuwa zan yi, a waccan zan tafi.

Ana gobe aiki, bayan azahar, na shiga ɗaki haɗa kayan asibiti. Na ɗauko rigar mama, na tsaya ina kallonta, sai kukan da na riƙe tun a mota ya ƙwace mini. Ban ji shigowarta ba, na dai ji an tura ƙofa an rufe.

Sai ta kira sunana.

Ban amsa ba, don ban taɓa jin sa da wannan muryar ba. Ta sake kira, ta zauna a bakin gado ta ce, "Zo ki nuna mini wurin."

Na nuna mata. Ta ɗora tafinta a kai, ta yi addu'a mai tsawo. Na ce, "Inna, tsoro nake ji."

Ta ce, "Ni ma. Tun a mota nake neman bakin da zan yi miki magana da shi."

Na kwantar da kaina a cinyarta na yi kuka har aka kira la'asar.

An yi aikin, an yi allurai na watanni, gashi ya zube ya dawo. Alhamdulillahi. Ranar da likita ya ce komai ya yi kyau, ƙanwata ta kira Inna a waya, ina ji Inna ta ce, "To madalla, ki ce wa waccan ta riƙa cin abinci."

Da, kalmar nan ciwo take yi mini. Yanzu in na ji ta sai hankalina ya kwanta, don na san lafiya ce ta sa. Sau biyu ta kira sunana a duniya, kuma roƙona Allah kada ya sake kawo abin da zai sa ta kira na uku.