Mai Jego a Kujerar Baya

Jaki ne ya kawo mana motar. Na fara da wannan ne saboda maigidana, duk sanda zai ba da labarin, yakan tsallake jakin ya fara daga fenti. Tun daga Dar Salam aka ɗauro ta da igiya a bayan amalanke har ƙofar gidanmu a unguwar Alsawra ta Omdurman, shi kuma yana ciki ya kame a kan sitiyari, yana gaida mutane ta taga kamar wanda ya dawo daga Hajji.

Tasin mahaifinsa ce, irin tsofaffin nan masu launin ɗorawa ƙirar Ingila da suka taɓa cika titunan Khartum. Marigayin ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsinkar auduga a Jazira, sannan ya shigo birni ya saye ta, da ita ya ciyar da gida har ƙarfi ya ƙare. Da ya rasu aka ajiye ta a gidan ƙaninsa a Dar Salam, kaji suka gaje ta. Lokacin da ta iso mana ba ta da gilashin baya, ƙofa ɗaya da waya aka ɗaure ta, ƙasanta kuwa ya rarake har kana hango titi tsakanin ƙafafunka.

Ya ce, "Gyara kaɗan take so."

Na ce, "Ai na gani, Haj. Idan aka canza mata inji da jiki da tayoyi, sauran duk lafiyarsu ƙalau."

Ƙofar gida ta yi mata kaɗan, sai aka fasa katanga. Inuwar da ta dace da darajarta kuma ita ce ta darbejiyar da nake shan shayin la'asar a ƙarƙashi, don haka ni aka matsar bakin madafa.

Mutumin nan takalma yake sayarwa a kasuwar Omdurman. Tun da na san shi ko ƙwan fitila bai taɓa ɗaurawa da hannunsa ba. Amma kafin a jima ya koma yana yi mini bayanin kafireto a kan kwanon ful, dafaffen waken nan namu. Kowace Asabar sai ya rufe shago ya haye Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu gyaran mota, wajen wani usta, wato babban makaniki, ya dawo da baƙin mai har gemu da wani guntun ƙarfe a leda. Ustan kalma ɗaya ya iya: bukra, wato gobe. Gobe fitila za ta samu, gobe mai walda zai zo. Kayan motar kuwa an daina ƙera su tun ustan yana goye, saboda haka maigidana ya koma bin gawarwakin motoci unguwa-unguwa, yana gaida tsofaffi har ƙasa don su bar shi ya kwance madubi.

Ana cikin haka autarmu ta yi aure, miji ya tafi da ita Bort Sudan. 'Ya'yan mutane sukan bar wa uwa turare ko mayafi. Tawa keji ta bar mini, da wasu halittu biyu a ciki, kowanne bai cika tafin hannu ba, ga kumatu, ga guntun wutsiya kamar an fara ba a ƙarasa ba. Hamsta ake ce musu.

Ta ce, "Umma, wallahi ba su da wahala. Kuma duka maza ne, mai shagon har rantsuwa ya yi."

Surukata, wadda duk gidan muke kira Habboba, ta dogara sandarta ta leƙa kejin.

"Ɓera ne," in ji ta.

"A'a, Habboba, hamsta."

"To. A zamaninmu kyanwa ake nema masa. Yanzu har gida an saya masa, da lilo a ciki."

Cikin ikon Allah, ba a daɗe ba ɗaya daga cikin mazan nan ya haihu. Na buga wa autar waya na yi mata barka. Ta waya ta koya mini aikin: a raba uban da uwar, kada a taɓa jariran da hannu, don uwar in ta tsorata cinye su take yi. Na ce madalla da tarbiyya. Keji ɗaya ya zama uku. Na wayi gari ina yanka kokwamba ƙanana-ƙanana, ina canza musu shimfiɗar ɓarzar katako, ina tsayawa kallon yadda suke cusa abinci a kumatu kamar baƙin da suka zo walima ba a gayyace su ba. Kuma in faɗi gaskiya, sun ɗauke mini kewa. Gidan da yara suka watse shirunsa yawa ne da shi.

Maigidana ya samu abin tsokana. Idan ya fito daga ƙarƙashin motarsa sai ya ce, "Makiyayiya, yaya garke?"

In ce, "Lafiya lau. Nawa dai suna motsi."

Sai bazara ta shigo da ƙarfinta, wuta kuma ta koma zuwa mana ziyara jefi-jefi. Dabbobin nan ba don zafin Omdurman aka yi su ba. Wata rana da azahar na tarar da su a mimmiƙe, ciki a ƙasa, suna numfashi sama-sama, ɗaya kuma ya riga ya tafi. Na kwashe keji ukun na kai gindin randa, na jiƙa buhu na lulluɓa, na zauna ina yi musu fifita da murfin tukunya, hawaye yana zuba ba shiri. Maigidana ya shigo ya tsaya a kaina. Na shirya wa baƙar magana, har na tanadi amsa. Sai kawai ya juya. Ya fita, na ji ƙarar ƙarfe, can sai ga shi da sabon batirin da ko a motar bai gwada ba, da wata fanka da ya sayo don sanyaya inji. Ya haɗa wayoyi, tartsatsi ya tashi ya ƙone masa yatsa, ya sake haɗawa, fanka ta ɗauka. Iska ta bugi jiƙaƙƙen buhu. Kafin la'asar sun fara ɗago kai.

Habboba ta ce, "Alhamdu lillahi. Yau dai an ga wani abu daga motar nan yana juyawa."

Shi kuwa ya ce kada in kuskura in gaya wa usta.

Bayan damina aka yi wa motar fenti, aka yi mata sabbin kujeru jajaye masu cike da auduga. Har ni sai da na yarda ta yi kyau. Ranar da injin ya tashi, tari ya fara yi, ya yi atishawa, ya tura hayaƙin da ya kori kajin maƙwabta, sannan ya daidaita. Maigidana ya fito yana rungumar duk wanda ya gani. Nan take ya aika wa abokansa na kasuwa cewa ranar Juma'a za a fita da ita, kowa ya zo ya shaida.

A satin ne wata mace cikin garken nawa ta ɓace. Na duba ƙarƙashin gado, na duba buhun gero, na zargi kyanwar maƙwabta har na daina gaida mai ita. Ranar Juma'a da safe maigidana yana goge kujerar baya, sai na ji ya yi salati irin na wanda aka yi wa rasuwa. Na ruga. A kusurwar kujerar an huda rami mai kyau, an tsefe audugar an yi gado, ga baiwar Allah a kwance da jarirai jajaye a jikinta, tana kallonmu kamar mun shigo ba sallama.

"Cire ta," in ji shi. "Yanzu."

Na ce, "In na taɓa su cinye su za ta yi, Haj."

"To ta ci! Mutane suna hanya!"

Habboba ta iso a hankali, ta leƙa, ta gyara mayafi. "Ba a tayar da mai jego," in ji ta.

"Inna, ai tun farko ɓera kike ce musu."

"Ɓera ce. Amma jego take yi. Ka kunna injin nan ka gani in ban koma Dar Salam ba."

Abokai suka zo cikin fararen jallabiyoyi da rawuna. Aka ba su shayi da agashe, wato tsire, aka jera su ɗaya bayan ɗaya suna leƙa ta taga, kowa yana rage murya. Wani dattijo mai sayar da fata ya ce Allah ya raya. Maigidana ya amsa da amin, don babu abin da ya rage masa.

Haka motar ta ci gaba da zama a inuwata, ni ina kai wa mai jego kokwamba ta taga, shi yana zagayawa yana huci, har jariran suka yi gashi suka buɗe ido na kwashe su. Aka ɗinke kujerar. Ɗinkin yana nan har yau, usta ya ce a bar shi, ya ƙara mata tarihi.

Fitar farko ta gaske mu uku muka yi, da yamma. Habboba a gaba, ni a baya, an nufi Khartum don a sha shayi a bakin Nilu. Tun daga Alsawra masu raksha, keken nan mai ƙafa uku, suke mana oda, tsofaffi suna ɗaga hannu. Maigidana sai labarin mahaifinsa yake yi: yadda motar nan ba ta taɓa ba shi kunya ba, yadda take tashi da taɓawa ɗaya. Muna kaiwa tsakiyar gada ta yi tari sau biyu ta yi shiru.

Ya murɗa makulli. Ya sake. Motoci suka taru a bayanmu, wani direban bas ya leƙo yana tambaya ko gidan tarihi muka nufa. Gumi ya jiƙa masa rawani. Ya ce, "Ban gane ba. A hannun Baba ba ta taɓa yin haka ba."

Habboba ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Ba ta taɓa ba? A kan gadar nan na tura ta da cikinka wata bakwai. Ubanka yana ciki yana ce mini in ƙara ƙarfi. Kai dai ba ka sani ba ne, saboda ranar da ta tashi kawai ake ɗaukar ka." Ta share idonta da bakin mayafi, dariyar ta ragu. "Allah ya jiƙansa. Wallahi ka iya gyara, ɗana. Yadda take haka ka mayar da ita."

Sai an tura, kuma Habboba ta ce ita ta gama nata rabon. Maigidana ya dube ni, na dube shi. Na ce ni dai ba zan tura motar da ta ƙwace mini inuwa ba. Dole ya fita, ni na koma mazaunin direba, ni da ban taɓa riƙe sitiyari ba. Ta taga ya nuna mini abin da zan taka da lokacin da zan saki. Wasu masu tafiya a ƙasa suka kama masa. Muka gangara, ya yi ihu, na saki, motar ta zabura ta kama. Matsalar ita ce bai gaya mini yadda ake tsayawa ba. Sai da muka sauka gadar muka yi nisa Habboba ta ja wani ƙarfe a tsakaninmu, muka tsaya da ƙara, injin ya sake mutuwa. A madubi na hango shi yana tahowa da gudu, takalmi ɗaya a hannu.

Ba mu sha shayin ba a ranar. Amma ni na ɗanɗana tuƙi, kuma ban haƙura ba. Na sa shi ya koya mini a filin bayan unguwa, ana faɗa ana shiryawa, har na iya. Da yake motar takan so turi, kuma shi ya fi ni ƙarfi, aiki ya rabu da kansa: ni a ciki, shi a baya. Garken kuwa na rarraba wa matan unguwa, na bar biyu kawai, kowanne a kejinsa. Duk wadda ta zo karɓa sai ta tambaye ni ko maza ne, ni kuma in ce mata haka aka gaya mini.